Yadda Ake Zaɓen Sifirin da Shokabzoba ga Tsohuwar Motar Shiga Daji

Motar da aka ƙera domin shiga daji ba ta cika fara tsufa ta inji ba, ta ƙafa take farawa. Injin yana iya kai shekara 20 yana tashi da bugu ɗaya, alhali gindin motar ya riga ya zauna, tana karkata gefe guda ko da an ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, kuma duk ramin da ta faɗa sai direba ya ji shi a ƙashin bayansa. Idan abin ya ishi mai mota, yawanci sai ya nufi wurin mai sayar da kayan gyara ya ce a ba shi sifirin mafi ƙarfi da shokabzoba mafi kauri, yana ganin ya gama magana. Daga nan kuskuren yake farawa, domin ba ƙarfin ƙarfe ake saye ba, abin da ake nema shi ne kayan da suka dace da nauyin da wannan motar take ɗauka a kullum, kuma ba a sanin wannan nauyi sai an auna.

Kafin komai, ya kamata a raba aikin abubuwan biyu. Sifirin shi ne yake ɗauke da nauyin mota, shi ne kuma yake yanke tsayin da za ta tsaya a kai. Shokabzoba, wanda makanikai kan taƙaita su ce shok, ba ya ɗaukar kaya. Aikinsa shi ne ya kwantar da tsallen sifirin ta hanyar tura mai ta cikin ƙananan ƙofofi, motsin ya koma zafi ya fita ta jikin bututun. Saboda haka sabon shok ba zai ɗaga motar da ta zauna ba, sabon sifirin kuma ba zai hana ta lilo ba idan shok ɗin ya mutu. Wannan ne dalilin da ya sa ake fara zaɓen sifirin, sannan a nemo masa shok ɗin da zai iya da shi.

Mataki na farko: ka san abin da ke ƙarƙashin motarka

Sunan mota kaɗai ba ya wadatarwa, domin kamfani ɗaya yakan canja tsari daga wani ƙirar zuwa wani. Land Cruiser 60 tana da sifirin mai falle-falle gaba da baya, ita kuwa 80 da ta fito a 1990 naɗaɗɗen sifirin ne a ƙafafunta huɗu. Da aka zo kan 100 a 1998, sai gaban ya koma tsarin da kowace ƙafa ke motsi ita kaɗai a kan sandar murɗa, wato doguwar sandar ƙarfe da ke aikin sifirin ta hanyar murɗewa, yayin da 'yar'uwarta 105 ta ci gaba da dunƙulallen aksil a gaba, wato ƙarfe ɗaya da ya haɗa ƙafar hagu da ta dama. Jeep Wrangler ta bar falle ta koma naɗi a ƙirar TJ, Pajero ta farko da ta biyu kuma sandar murɗa ce a gabansu. Ko a ƙira ɗaya, motar da ke da injin dizal ta fi mai fetur nauyin gaba, don haka lambar sifirin ɗinsu takan bambanta. Ka rubuta lambar shasi da irin injin da shekarar ƙira, ka kuma leƙa ƙasa da idonka, domin tsohuwar mota ta bi ta hannaye da yawa, kuma ba mamaki wani ya riga ya saka mata abin da ba nata ba.

Akwai motocin da suka zo da jakar iska ko tsarin mai da ke ɗaga su yana sauke su, kamar Range Rover P38 da Lexus LX470. Mai irin wannan yana da tambaya tun kafin ya fara: zai gyara tsarin ne, ko zai cire shi ya koma sifirin na ƙarfe? Na biyun ya fi sauƙin kula a nesa da gari, amma laushin tafiyar da aka san motar da shi zai ragu.

Mataki na biyu: ka tabbatar da abin da ya lalace

Ka ajiye motar a daidaitaccen wuri, iskar tayoyi daidai, ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi a kusurwoyi huɗu. Ana auna daga tsakiyar wili ne ba daga ƙasa ba, don kada girman taya ko cinyewarta su shiga lissafi. Ka ajiye waɗannan lambobi huɗu, za ka sake bukatarsu.

Daga nan sai ka shiga ƙarƙashi da fitila. Akwai wata dunƙulalliyar roba a jikin shasi, saman aksil, wadda ke tare aksil ɗin idan sifirin ya danne har ƙarshe, ita ce robar tarewa. Ka dubi wurin da take sauka. A motar da sifirin ɗinta ke da rai, wurin yana da ƙura da tsatsa kamar ko'ina. A wadda ta zauna kuwa, za ka ga wata da'ira mai sheƙi, ƙarfen ya goge tas kamar an bi shi da yashi, wani lokaci ma robar ta tsage ko ta faɗi gaba ɗaya. Wannan alama ta fi duk wani bayanin mai sayarwa gaskiya. A sifirin mai falle, ka duba ko lanƙwasarsa ta miƙe ko ma ta juya ƙasa, ko akwai fallen da ya karye kusa da ƙusar tsakiya, ko ƙarfen lilon da ke riƙe ƙarshensa ya kwanta har ya kusa manne wa shasi. A naɗaɗɗe kuma, ka nemi tabon gogayya tsakanin zagaye da zagaye, da tsatsar da ta ci zagayen ƙasa inda laka ke taruwa.

Shi kuwa shok, ɗan danshin mai da ƙura ta manne masa a sama ba laifi ba ne, amma man da ya gangaro har ƙasa yana nufin hatimin ya tafi. Gwajin da aka saba yi na danna kusurwar mota a sake ta ba ya nuna komai a motar da ta haura tan biyu, domin ƙarfin mutum ba zai motsa ta yadda ya kamata ba. Abin da ya fi shi shi ne ka yi tafiyar minti 15 a hanya mai gargada, ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da kowane shok a hankali. Mai aiki zai yi ɗumi ko zafi, wanda ya rage da sanyi a cikin 'yan'uwansa ya daina aiki. Tayar da ta cinye rami-rami a kewayenta ita ma shaida ce cewa ƙafar tana tsalle ba mai riƙe ta.

Kada ka tashi daga ƙarƙashin nan ba ka ƙwanƙwasa mazaunin sifirin da kunnuwan da shok ke ɗaure a kai ba. Idan tsatsa ta cinye su, walda ce farkon aiki, domin sabon shok mai ƙarfi zai fizge ruɓaɓɓen kunne cikin 'yan makonni.

Mataki na uku: ka auna nauyin motar

Wannan shi ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin sauran. Ka kai motar ma'aunin manyan motoci sau biyu. Karon farko ka je da ita yadda take yawo a kullum, tanki cike, kai da kayan da ba sa fita daga cikinta. Karo na biyu ka je da ita a shirye kamar za ka yi doguwar tafiya, da mutane da ruwa da jarkokin mai da duk abin da kake ɗorawa a kan rufi. Kowane karo ka hau da ƙafafun gaba kaɗai, sannan na baya kaɗai, domin nauyin kowane aksil ake nema ba jimillar ba.

Sakamakon yakan ba mutane mamaki, saboda ido ba ya iya ƙiyasta nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, litar dizal kuma kusan kilo 0.84, don haka jarkoki huɗu na dizal masu lita 20 sun haura kilo 65 tun ba a sa nauyin jarkokin ba. Inda aka ɗora kayan ma yana da tasiri. A motar da tazarar aksil ɗinta biyu ta kai milimita 2,850, kamar Land Cruiser 80, kilo 100 da aka rataya mita ɗaya a bayan aksil na baya yana danna wannan aksil da kusan kilo 135, yana kuma sauke kusan kilo 35 daga gaba. Wannan ne ya sa tayar ko-ta-kwana biyu a kan bamba ta baya ke zaunar da mota fiye da yadda mai ita ya zata, sitiyari kuma ya yi sakwa-sakwa a hannu. Haka abin yake a gaba idan an saka bambar ƙarfe da winci.

Ka kwatanta abin da ka samu da farantin da kamfani ya manna a jikin motar, wanda ke nuna iyakar nauyin mota gaba ɗaya da na kowane aksil. Idan ka wuce iyakar, magani shi ne rage kaya. Sifirin mai ƙarfi zai sa motar ta tsaya a miƙe ta yi kyan gani, amma bai ƙara wa birki ko aksil ko taya komai ba, kuma bai canja iyakar da doka ta sani ba.

Mataki na huɗu: tsayin asali ko ɗagawa

A nan son zuciya yake shigowa, domin ɗagaggiyar mota tana da kwarjini. Amma tsohuwar motar da ta zauna da milimita 30 ko 40, da zarar an mayar da ita tsayinta na asali, mai ita zai ji kamar an ɗaga ta. Ga yawancin mutane wannan ya isa, kuma shi ne zaɓin da ba ya jawo wani gyara a bayansa.

Wanda ke bukatar ƙari, to milimita 50, wato inci biyu, shi ne iyakar da yawancin waɗannan motoci ke ɗauka ba tare da an taɓa abubuwa da yawa ba. Da an wuce haka sai lissafi ya canja: kusurwar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa takan ragu har motar ta riƙa yawo a titi, sandar da ke riƙe aksil daga zamewa gefe takan ja shi ɓangare ɗaya, tiyon birki ya gajarta, farfela, wato sandar da ke kai juyin inji ga aksil, ta fara rawa. A motar da gabanta ke da ƙafa mai motsi ita kaɗai, gaɓoɓin shaf ɗin gaba suna aiki a karkace, robarsu ta riƙa yagewa. Ya kamata kuma a tuna cewa a dunƙulallen aksil, ɗaga sifirin ba ya ɗaga tulun aksil ɗin, wato kumburin da giyoyinsa ke ciki, daga ƙasa ko da milimita ɗaya. Babbar taya ce kaɗai ke yin wannan. Abin da ɗagawa ke ƙarawa tabbas shi ne sauƙin kifewa a gangare, musamman idan akwai kaya a rufi. Dokar ɗaga mota ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka san ta inda kake kafin ka biya kuɗi.

Mataki na biyar: zaɓen sifirin

Kowane sifirin yana da lambobi biyu: tsawonsa idan ba kaya a kansa, da taurinsa, wato nauyin da ake bukata kafin ya danne da milimita ɗaya. A takardun kamfanoni za ka ga taurin a rubuce da N/mm (niyuton, ma'aunin ƙarfi, a kan milimita) ko lb/in (laba a kan inci). Don sauƙin lissafi, kilo ɗaya a kan milimita ɗaya ya yi daidai da kusan N/mm 9.8, ko lb/in 56. A ce sifirin ɗin bayanka kowanne yana da taurin kilo 4 a milimita, ma'auni kuma ya nuna kayan tafiya suna ƙara kilo 200 a aksil na baya. Kowane sifirin zai ɗauki kilo 100, motar ta sauka da milimita 25. Idan tazarar da ke tsakanin aksil da robar tarewa ta isa ta haɗiye wannan ta bar saura mai yawa, ba ka bukatar ƙarin tauri. Wannan lissafi yana aiki kai tsaye ne inda sifirin ke zaune a kan dunƙulallen aksil. Inda yake jikin hannun ƙafa, motsin wili ya fi na sifirin yawa, sai a bi teburin kamfani.

Kamfanonin da suka ƙware a wannan fanni, irin su Old Man Emu da Dobinsons na Ostireliya, suna jera sifirin ɗinsu ne bisa nauyin da ke kan mota a kowane lokaci. Kalmar da za a riƙe ita ce "kowane lokaci". Na taɓa faɗawa wannan rami da kaina. Na sayi mafi taurin sifirin baya saboda tafiya biyu ko uku da nake yi a shekara da kaya fal, mai sayarwa kuma bai tambaye ni komai ba. Sauran watannin motar ba kowa a bayanta, sai ta zama kamar amalanke: a hanyar da ta yi ƙunya-ƙunya gindin ya riƙa tsalle yana zamewa gefe, madubin ciki yana karkarwa har ba na gane abin da ke bayana, ƙofar baya kuma ta fara ƙara a maƙallanta. Sifirin da ba shi da nauyin da zai danne shi ba ya lanƙwasa, idan kuma bai lanƙwasa ba, jikin mota da na mutanen ciki su ne ke shan dukan. A daji ma hasara ce, domin ƙafar da ba ta miƙewa ta bi rami tana rataye a iska ba ta jan komai.

Saboda haka ka zaɓa bisa awon farko, na yau da kullum. Idan tazarar awon farko da na biyu tana da yawa, akwai hanyoyi biyu masu kyau: naɗaɗɗen sifirin da taurinsa ke ƙaruwa yayin da yake dannewa, ko jakar iska ta taimako da ake hurawa ranar kaya a sace ta bayan an sauke. Jakar taimako ce kawai, kuma a motar ɗaukar kaya mai falle, cika mata iska fiye da kima yana tara nauyi a wuri ɗaya na shasi inda ba a ƙera shi ya ɗauka ba.

Ga mai sifirin falle, ƙara falle ɗaya a tsohon ɗauri ko sake lanƙwasa shi da guduma dabara ce ta ɗan lokaci, domin ƙarfen da ya gaji zai koma inda ya fito. Sabon ɗauri ya fi. Akwai mai falle da yawa, wanda ke jure kaya da wahala, akwai kuma mai falle biyu ko uku masu kauri a tsakiya da sirancewa a baki, wanda ya fi laushi da sauƙin nauyi saboda fallayen ba sa gogar juna sosai. Ga mai sandar murɗa kuwa, ɗaure ƙusar gyaranta yana ɗaga gaban mota amma ba ya ƙara mata tauri, kuma duk abin da aka samu a sama an rage shi ne daga saukar ƙafa. Idan an ƙara nauyi a gaba, sanda mai kauri ake saye.

Mataki na shida: zaɓen shok

Tsawo ake fara dubawa kafin suna. Kowane shok yana da tsawonsa a buɗe da tsawonsa a rufe. Idan a rufe ya yi tsawo, zai kai ƙarshensa kafin aksil ya taɓa robar tarewa, duk nauyin motar ya sauka a kan bawul ɗinsa ya farfasa shi. Idan a buɗe ya yi gajarta, shi zai riƙa fizgar aksil duk lokacin da ƙafa ta sauka. Idan kuma ya yi tsawo fiye da kima, naɗaɗɗen sifirin yana iya ficewa daga mazauninsa, tiyon birki ya miƙe kamar tsirkiya. Wannan ne ya sa Bilstein, alal misali, ke da jerin 4600 domin tsayin asali da 5100 domin motocin da aka ɗaga. Hanya mafi aminci ga wanda ba zai yi awo da kansa ba ita ce ya sayi sifirin da shok na kamfani ɗaya da aka haɗa su domin wannan mota da wannan nauyi.

Bayan tsawo sai zafi. A hanya mai gargada shok yana motsi sau da yawa a daƙiƙa guda, man ciki ya yi zafi ya yi kumfa, sai ka ji motar da ta fara tafiya a natse ta koma lilo bayan awa ɗaya. Duk bambancin ƙirar shok ƙoƙarin magance wannan ne. Mai bututu biyu shi ne mafi sauƙin kuɗi da laushi, kuma idan dutse ya loɓa bututun waje yana ci gaba da aiki, sai dai zafi ba ya fita daga cikinsa da sauri. Mai bututu ɗaya yana raba mai da iskar naitirojin da wani fistan, yana huce zafi da kyau, amma loɓawa ɗaya mai zurfi tana iya tsayar da shi. Akwai mai soso a ciki maimakon iska, wanda ke ɗaukar mai da yawa, sannan akwai mai ƙarin tanki a gefe, wanda aka yi domin gudu mai tsawo da kaya a mummunar hanya. A ganina, mai tsohuwar motar da ke tafiya a hankali a gona ko a dutse ba ya bukatar wannan na ƙarshen. Kuɗinsa ya fi amfani a sababbin bushi, wato robobin da ke gaɓoɓin ƙafar mota, da tiyon birki. Shok mai maɓallin gyaran tauri, kamar Rancho RS9000XL mai matsayi tara, yana da amfani ga wanda nauyin motarsa ke canjawa, in dai zai tuna ya riƙa juya shi.

Ana canja shok biyu-biyu a aksil ɗaya, haka ma sifirin. A tsohuwar mota kuwa, gara a canja huɗun gaba ɗaya.

Mataki na bakwai: ƙananan kaya da ɗaurawa

Bushin da ya mutu yana ɓata aikin sabon sifirin, don haka a canja su tare. Na roba ya fi shiru da laushi, na roba mai tauri irin ta foliyuritan ya fi daɗewa amma yana son giris, in ba haka ba ya dame ka da ƙara. Ƙusoshin da ke kama da harafin U, masu ɗaure falle da aksil, ba a mayar da tsofaffi, domin sun riga sun miƙe tun ɗaurin farko. Naɗaɗɗen sifirin da sandar murɗa sukan zo da alamar hagu da dama, kuma ba a musanya su. Sau da yawa na ɓangaren direba ya ɗan fi tsawo saboda nauyin da ke wannan gefe. Sifirin da aka matse da na'urar matsewa yana riƙe da ƙarfin da zai iya kashe mutum idan ya kuɓuce, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Kada a ƙarasa ɗaure ƙusoshin bushin roba motar tana rataye. A sauke ta a kan tayoyinta, a girgiza ta, sannan a ɗaure da ma'aunin ɗauri bisa lambar kamfani. Bushin da aka ɗaure a rataye yana zama a murɗe, ya yage da wuri. Tsofaffin motoci da yawa suna da bawul a baya da ke rage ko ƙara ƙarfin birkin baya bisa yadda gindin ya sauka. Idan an ɗaga motar ba a gyara sandarsa ba, zai ɗauka motar ba kaya ko da tana cike, birkin baya ya yi rauni.

Bayan an gama, a kai ta a daidaita ƙafafu, a kuma gyara saitin fitilun gaba domin tsayi ya canja. Sabon sifirin yakan ɗan zauna a makonnin farko, saboda haka bayan kamar kilomita 500 ka sake bin ƙusoshin U da na shok da ma'aunin ɗauri, ka koma wurin da ka fara auna tsayin motar, ka sake auna kusurwoyi huɗun daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi. Ka rubuta sababbin lambobin tare da kwanan wata da lambar sifirin da ta shok a cikin littafin motar, kusa da tsofaffin.